Awon Ilmi Da Mudun Aro

Ya ku 'yan'uwa ɗalibai, da ku yayyenmu da kuka riga mu fita kuka kama aikin gwamnati, akwai wata sana'a da ta yi kasuwa a tsakanin masana ilmin laburare na ƙasar nan, wadda ya kamata mu tsaya mu dube ta da idon basira, domin ko da yake a takarda ake yin ta, a kanmu take ƙarewa. Sana'ar kuwa ita ce ƙidayar maƙalu. Mutum zai ɗauki mujalla guda ta ilmin laburare, ya yanki shekara biyar ko goma, ya zauna ya ƙirga maƙala nawa aka buga a kowace shekara, nawa mutum ɗaya ya rubuta, nawa aka yi tarayya, maza nawa, mata nawa, daga wace jami'a, daga wace ƙasa, shafi nawa, littafi nawa kowa ya ambata a ƙarshe. Sa'an nan ya jera alkaluma a jadawali, ya ce an sami ci gaba, ya aika wa wata mujallar, ƙidayar ita ma ta zama maƙala, wadda wani zai zo gobe ya ƙirga. Mu dai matsayinmu a nan Ɗunɗaye shi ne, wannan irin awo, yadda ake yin sa yanzu, yana ruɗar masu awon, yana cutar waɗanda ake aunawa, kuma da mudun wasu mutane ake yin sa, mudun da bai san hatsinmu ba.

Kada wani ya ɗauka muna gaba da lissafi. Ƙidayar wallafe-wallafe tana da asali mai kyau, kuma ya kamata a faɗe shi. A shekarar 1926 wani Ba'amurke, Alfred Lotka, ya ƙirga sunayen marubuta a fannin kimiyya, ya tarar kusan kashi 60 cikin 100 maƙala ɗaya tak suka taɓa bugawa, 'yan tsiraru ne suke ɗauke da nauyin rubutu mai yawa. A 1934 Samuel Bradford, ma'aikacin laburare a birnin Landan, ya nuna cewa a kowane fanni wasu mujallu kaɗan ne suke tara babban kaso na maƙalun fannin, sauran kuwa suna warwatse cikin mujallu barkatai. A 1964 Eugene Garfield ya fito da fihirisar da ke nuna wa ya ambaci aikin wa a kimiyya, a 1969 kuma Alan Pritchard ya ba fannin sunan da Turawa suke kiran sa da shi har yau. Abin lura shi ne amfanin da aka nufa. Mai kula da laburare kuɗinsa kaɗan ne, mujallu kuwa dubbai ne, to dole ya san waɗanne zai saya domin masu karatunsa su amfana. Watau kayan aiki ne na hidimar mai karatu. Daga baya ne aka juya shi ya zama sikelin auna darajar mutane.

Mu ma ba jiya muka shiga fagen ba. Cibiyar koyar da aikin laburare ta Ibadan ta fara ɗaukar ɗalibai a 1960, an kafa Ƙungiyar Ma'aikatan Laburare ta Nijeriya a 1962, ta kuma fito da mujallarta Nigerian Libraries, Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta buɗe nata sashen a 1968. A 1991 Farfesa L. O. Aina ya kafa African Journal of Library, Archives and Information Science, wadda ta yi suna har ta shiga manyan fihirisan duniya. Saboda haka muna da tarihin da ya isa a auna. Tambayarmu ita ce, me ake aunawa, kuma me alkaluman suke ɓoyewa?

Mu ɗauki misali guda, wanda da wuya ka buɗe irin wannan bincike ba ka ci karo da shi ba, watau awon haɗin gwiwa. Akwai wata ƙa'ida da K. Subramanyam ya shimfiɗa a 1983: a raba yawan maƙalun da aka yi tarayya a kansu da jimillar maƙalu duka. A ce mujalla ta buga maƙala 100, 70 daga ciki suna ɗauke da suna fiye da ɗaya, sai a rubuta 0.70, a yi shelar cewa masana sun rungumi aiki tare. Lissafin daidai ne, babu mai ja. Amma ƙa'idar sunaye take gani, ba ta ganin hannun da ya yi aiki. Wane ne a jami'o'in ƙasar nan bai san al'adar nan ta “sa sunana” ba? Mutum huɗu su yi yarjejeniya, kowa ya rubuta ɗaya ya sa sunan sauran ukun, a ƙarshen shekara kowa yana da huɗu. Ko kuwa a raba kuɗin bugawa, duk wanda ya ba da nasa kason sunansa ya hau. Ko ƙaramin malami ya sa sunan na gaba da shi don tsoro ko neman fada. Ko, abin da ya fi taɓa mu, ɗalibi ya sha rana yana raba takardun tambaya, ya ci bashi ya buga kundinsa, bayan shekara ya ga gumin nan nasa a mujalla, sunansa a can ƙarshe, in ma an tuna da shi. Duk waɗannan, in mai ƙidaya ya zo, a gidan haɗin gwiwa zai zuba su tare da na masu gaskiya. Taron tsintsiya ne ba shara, amma jadawali ya ce an ci gaba.

To me ya kawo wannan? Ruwa ba ya tsami banza. A jami'o'inmu ƙarin girma ya rataya ne a kan yawan abin da mutum ya buga, kuma ma'aikatan laburare na jami'a su ma an sa su a sahun malamai, saboda haka wannan igiyar ta ɗaure su. Mutumin da ya yini yana tsara littattafai, yana taimakon ɗalibai, yana fama da rashin wuta, in lokacin ƙarin girma ya zo ba za a tambaye shi mutum nawa ya fitar daga duhu ba, maƙala nawa za a ce ya kawo. In haka ne, wane bincike ya fi sauƙi da arha? Wanda ba ya bukatar tafiya ko'ina, ba ya bukatar hira da kowa, sai kwamfuta da tsofaffin fitowar wata mujalla. Wani masanin tattalin arziki na Ingila, Charles Goodhart, ya lura tun 1975 cewa duk ma'aunin da hukuma ta mayar abin da take matsa wa mutane su cimma, to ya daina faɗin gaskiya. Wannan ita ce cutar da ta kama ƙidayar maƙalu. Da aka ce lamba ce tsani, sai kowa ya koma ƙera lamba.

Inda ake neman lamba ido rufe kuwa, 'yan kasuwa ba su barci. Mujallun bogi sun cika intanet, kura da fatar akuya, ka biya yau a buga maka jibi ba tare da wani masani ya duba ba. A 2013 wani ɗan jarida, John Bohannon, ya ƙirƙiri maƙalar ƙarya mai cike da kurakurai da gangan, ya aika wa mujallu 304, guda 157 suka karɓa. Wani ma'aikacin laburare a Amurka, Jeffrey Beall, ya yi shekaru yana tara sunayen masu irin wannan ciniki, kafin ya rufe jerin nasa a watan Janairu na 2017. Maƙalar da aka saya wa gurbi a irin waɗannan wurare da wadda aka yi shekara uku ana wahala a kanta, a gun mai ƙidaya kowace ɗaya ce.

Da hukumomi suka ga ɓarna ta yi yawa, sai wasu suka ce to maganin shi ne a dogara ga fihirisan waje, Scopus na kamfanin Elsevier, wanda aka fara a 2004, da Web of Science na kamfanin Clarivate. Duk abin da ya shiga cikinsu ilmi ne, abin da bai shiga ba a rage masa maki ko a watsar. A nan ne ya kamata mu tuna da labarin mujallar Library Philosophy and Practice, wadda ta fara fita a 1998, Jami'ar Nebraska ta Amurka kuma ta ɗauke ta a intanet. Masana laburare na Nijeriya da na Indiya sun yi mata ca, har masu ƙidaya da dama da suka auna ta suka tarar waɗannan ƙasashe biyu ne a kan gaba wajen yawan marubuta, aka riƙa kawo wannan a matsayin shaidar bunƙasar bincike. Kwatsam a 2021 Scopus ya daina ɗaukar sababbin maƙalunta. To mu tambaya: mutum guda, da ƙwaƙwalwa guda, ya buga maƙala kafin a yanke hukuncin, ya buga wata bayansa, ta farko ta shiga lissafi, ta biyu ta faɗi waje. Ilminsa ne ya ragu cikin dare? Ba mu ce mujallar ta yi laifi ba, ba mu ce kamfanin ba shi da ikon tace kayansa ba. Abin da muke cewa shi ne, al'ummar da ta miƙa sikelin auna malamanta ga wani kamfanin kasuwanci a wata nahiya ta sayar da wani yanki na 'yancinta, ko ta sani ko ba ta sani ba. Kayan aro ba ya rufe katara.

Yanzu mu zo gida. Jami'ar nan da muke ciki an kafa ta a 1975, an sa mata sunan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo a 1988, babban laburarenta kuwa sunan ƙanensa Abdullahi yake ɗauke da shi. Shehu, wanda ya rasu a 1817, ya bar rubuce-rubuce fiye da 100. Abdullahi ya rubuta tafsirin Liya'ut Ta'awili da Tazyinul Waraƙati da wasu da dama. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya rubuta Infaƙul Maisuri, wanda a cikinsa ya kawo labarin ƙasashe da malaman wannan yanki. Nana Asma'u, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, jajjinta kuma suka kai karatu ga mata har ƙauyuka. Su ma waɗannan magabata sun san adana tarihin marubuta. Abdullahi ya yi littafi sukutum, Ida'un Nusukhi, yana lissafa malaman da ya yi karatu a wurinsu da abin da ya karanta a gun kowannensu. Amma dubi irin tambayar da wannan lissafi yake amsawa: daga wa ilmin ya fito, ta hannun wa ya biyo, wane littafi ne. Lissafi ne na amana, wanda yake ɗora wa kowane suna nauyin abin da ya ɗauka.

In aka ɗauki mudun da ake auna malamanmu da shi yau aka zo Sakkwato, me zai gani? Ba zai ga rubutattun littattafan da ke Hukumar Tarihi da Al'adu ta Waziri Junaidu ba. Ba zai ga waɗanda ke zaurukan malamai cikin gafaka, gara tana ci, damina tana jiƙawa ba. Ba zai ga mujallar Ɗunɗaye ta nazarin Hausa da ake bugawa a nan ba, balle Harsunan Nijeriya da Algaita na Kano, ko Harshe ta Zariya. Harshen da miliyoyin mutane suke magana da shi daga Katsina zuwa Maraɗi, daga Agadas zuwa zangunan Kumasi, a wannan sikeli kusan ba shi da nauyi. Sakamakon haka a fili yake. Matashin malami mai hankali zai duba ya ga in ya yi shekara biyu yana tsara fihirisar littattafan ajami, ko yana tace wani tsohon rubutu ya fassara shi, abokinsa da ya ƙirga maƙalun mujallar Amurka ya riga ya wuce shi da mataki guda. Wa zai zarge shi in ya bi inda tuwo yake? An bar jaki ne ana dukan taiki in aka tsaya zagin mutum ɗaya ɗaya, alhali tsarin ne ya karkace.

Abin kunya kuma, duba inda aka buga manyan fihirisan rubuce-rubucenmu. Sergio Baldi ya fitar da jerin ayyukan da aka yi kan Hausa a birnin Rum a 1977. John Hunwick ya tattara marubutan Larabci na wannan yanki, har da na Sakkwato, a babban kundin da aka buga a Leiden ta ƙasar Holan a 1995. Jean Boyd da Beverly Mack sun tara ayyukan Nana Asma'u aka buga a Amurka a 1997. Graham Furniss da Malami Buba da William Burgess sun jera littattafan ƙagaggun labarai na Hausa na shekarun 1987 zuwa 2002, aka buga a Jamus a 2004. Muna gode musu, sun yi aikin da ya kamata a yaba. Amma ina namu tulin? Farfesa Ibrahim Yaro Yahaya ya nuna za mu iya, da ya fitar da Hausa a Rubuce a Zariya a 1988. Wannan shi ne irin aikin da aka horar da ma'aikacin laburare musamman domin ya yi, shi ne kuma aikin da tsarin ƙarin girma yake kore shi daga gare shi.

Mun san abin da masu kare ƙidaya za su ce, kuma maganarsu tana da ƙarfi. Za su ce in aka cire lamba, me ya rage in ba son kai da sanayya ba? Lamba ba ta san ɗan wane ba, ba ta san ƙabila ko ɗarika ba, ita ce garkuwar ɗan talaka a gaban kwamiti. Wannan tsoro gaskiya ne, mu ma 'ya'yan talakawa ne, mun san abin da ake nufi da rashin uwa a gindin murhu. Amma mu duba da kyau, wa lambar take karewa yanzu? Mai kuɗin biyan mujalla da dala, mai yaran da za su sa sunansa, mai ɗalibai da yawa da zai ci guminsu, su ne suke tara lamba cikin sauri. Son kan da ake gudu bai tafi ko'ina ba, rigar lissafi kawai ya sa, ya kuma fi wuyar kamawa. Maganin alƙali marar adalci shi ne a tilasta masa ya karanta shari'a ya rubuta hujjarsa a fili inda kowa zai gani.

Su kansu masu mudun sun fara ja da baya. A watan Disamba na 2012 wasu masana da editoci suka haɗu a San Francisco suka tsara sanarwa cewa a daina auna mutum da martabar mujallar da ya buga a ciki, a duba aikin kansa. A 2015 masana ƙidayar da kansu suka fitar da ƙa'idoji goma da ake kira na Leiden, cikinsu har da cewa lamba mataimakiya ce ga hukuncin masana, kuma a kare binciken da ya shafi bukatun gida. A 2020 hukumomin ilmi da kimiyya na ƙasar Sin suka umurci jami'o'insu su rage dogaro ga yawan maƙalun da suka shiga fihirisar waje. Brazil kuwa tun a ƙarshen shekarun 1990 ta kafa nata rumbun mujallu, SciELO, domin a ga abin da masananta suke rubutawa da harshensu. In masu abu suna gyara shi, mu 'yan aro don me za mu riƙe shi kamar wahayi?

Saboda haka ga abin da muke nema, kuma gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Na farko, duk mai son auna mujallar laburare ya karanta abin da ke cikinta, ya gaya mana matsalolin da aka taɓa da waɗanda aka bari, ya gaya mana maƙala nawa suka dubi laburaren makarantar firamare, ko na jiha, ko mai karatun ajami, ko makaho, ko matar da ke kulle. Na biyu, a kafa fihirisa ta gida, a sa ta a intanet kyauta, wadda za ta tattara mujallu da kundayen digiri da aka rubuta da Hausa da Larabci da Fulatanci, jami'o'in Sakkwato da Kano da Zariya da Katsina su haɗa hannu da na Yamai da Maraɗi da Damagaram. Asusun TETFund, wanda dokar 2011 ta kafa domin tallafa wa manyan makarantu, irin wannan aiki ya dace da shi. Na uku, kwamitocin ƙarin girma su nemi kowane malami ya kawo ayyukansa kaɗan da ya fi alfahari da su, a ba masana na waje su karanta su rubuta dalilinsu. Na huɗu, kowace maƙalar tarayya ta faɗi abin da kowane mai suna ya yi, in kuma daga kundin ɗalibi ta fito, sunan ɗalibin ya zo farko. Na biyar, tsara fihirisar rubutattun littattafai, da tace su, da fassara su, a ba su makin da ya kai na kowace maƙala. Na shida, in ana son ƙidaya, a ƙirga masu karatu: mutum nawa suka shiga laburare, littafi nawa aka nema aka rasa, awa nawa aka yi babu wuta.

Ku yayyenmu da ke ma'aikatun ilmi da hukumomin laburare, wannan magana ta shafe ku, domin takardun da ake yanke hukunci a kansu ta teburinku suke bi. In an kawo muku jadawali mai nuna cewa bincike ya ninka, ku tambaya me aka gano, wa ya amfana, wane laburare ya gyaru. Mu kuma ɗalibai, mu ne za mu gaji waɗannan kujeru nan da 'yan shekaru, kuma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Wanda ya saba da sa suna a aikin da bai yi ba tun yana aji huɗu, ba zai daina ba don ya zama farfesa. Ƙungiyar ɗalibai ta sa wannan batu a ajandarta, ta nemi zama da shugabannin sassa a kan haƙƙin ɗalibi a kundinsa, kowannenmu kuma da zai zaɓi batun kundin kammala digiri ya fara leƙa abin da ke jibge a Sakkwato ba a tsara ba, kafin ya tafi ƙirga na wasu. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, mu kuwa mun ga namu.